Ɗingishin Manaja

Talata, 2 ga wata

Zuwa ga 'yata Malama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan alhamdu lillahi, sai gwiwar innarki da ta hana ta hawa bene, sai kuma mitarta da ba ta da magani.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa daga kawun da rabonki da shi shekara goma sha tara. In kin manta, ni da marigayiya mahaifiyarki 'ya'yan wa da ƙane ne, kuma a tsakar gida ɗaya kika yi rarrafe a gabana. An ce mini yanzu ke ce babbar malamar Turanci a makarantarku, shi ya sa na tuna da ke. Ba zan yi miki ƙarya in ce kewa ce ta sa ni ɗaukar biro ba.

Shekara ashirin da tara ke nan ina gyaran injin saƙa a masaƙar nan, saura wata goma sha ɗaya in yi ritaya da mutuncina. Ranar Alhamis ina kwance ƙarƙashin inji na tara, hannuna duk baƙin mai, masinja ya taɓo ƙafata ya miƙo mini ambulan. An dakatar da ni daga aiki, kuma ranar 29 ga wata zan tsaya gaban kwamitin ladabtarwa. In suka kore ni, shekarun nan duk sun bi ruwa.

Takardar da Turanci take. Na gane sunana, na gane kwanan wata, na gane manaja. Laifin ne ban gane ba. Kalma ɗaya suka ja wa layi a ƙasa, ga ta na kwafo miki harafi bayan harafi: lampooned. Wai abin da na yi wa sabon manaja ke nan a gaban ma'aikata. Ni dai ban zage shi ba, ban taɓa shi ba, ko doguwar gaisuwa ba ta taɓa haɗa mu ba, don mutum ne mai magana ciki-ciki kamar ya cika baki da auduga.

Za ki ce me ya hana in tambayi wani a nan. Wa zan tambaya? Ƙanen mijinki ne ke buga takardu a ofis, kuma hannunsa ne ya buga wannan. Tun da ya zo nake gaishe shi saboda ke, shi kuwa sai ya motsa leɓe ya wuce. Kada ki gaya wa mijinki, don bakinsu ɗaya. Kada kuma ki kira ni a waya. Waya ba ta da amana, abin da ka faɗa a cikinta ba ka san kunne nawa ya sha ba.

Direban da ke kai yadi garinku duk Talata shi zai kawo miki wannan, ranar Alhamis yake juyowa. Na liƙe ambulan da gam sau biyu, in kin ga alamar an buɗe ki faɗa mini. Ki fassara mini kalmar da Hausar da zan gane, ki kuma faɗa mini ko laifin kora ne.

Kawunki

Alhamis, 4 ga wata

Zuwa ga Kawu,

Wa alaikumus salam. Na sami wasiƙarka, ambulan kuma a liƙe yake, har sai da na sa almakashi. Muna lafiya. A gaishe da Inna, a ce ta riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi. Ban manta ka ba, Kawu. Kai ba irin mutumin da ake mantawa ba ne.

Kalmar da ka kwafo ta aikatawa ce, asalinta lampoon, wutsiyar da ka gani a ƙarshe tana nuna an riga an yi abin. Ma'anarta a yi wa mutum zambo a bainar jama'a. A ɗauki wani abu nasa, tafiyarsa ko maganarsa ko wani halinsa, a ƙara masa gishiri har mutane su yi dariya, girmansa ya zube a idonsu. Ba zagi ba ne kai tsaye. Ba kuma habaici ba ne, don mai habaici ɓoye sunan yake yi, wannan kuwa so ake kowa ya gane da wa ake.

Ba kalma ce ta hirar yau da kullum ba. A jarida aka fi ganinta, kamar in mai zanen barkwanci ya zana wani babba da tumbi ya fi teburinsa, ko ɗan wasa ya hau dandali yana kwaikwayon yadda alƙali ke gyaran murya. Yawanci na ƙasa ne ke yi wa na sama. Wanda ya zolayi abokinsa ba a ce ya yi wannan ba. Wanda kuma ya kwaikwayi ƙaramin yaro don manya su yi dariya, shi ma ba wannan ya yi ba, nasa sunan daban ne.

Ko laifin kora ne, wannan dokar wurin aikinku ce za ta faɗa. Amma in ni ce a kwamitin, zan so in san ko a gaban mutane aka yi, ko an ƙara gishiri, da kuma abin da mai yin ya nufa. Saboda haka ka faɗa mini gaskiya, wa ka kwaikwaya, kuma yaya ka yi? Wasiƙarka ta yi maganar gam da direba da ƙanen mijina, amma ba ta faɗi abin da ka yi ranar ba. Na san Kawu da wannan baiwar tun ina 'yar shekara bakwai.

Ban gaya wa maigidana ba. Maganar waya ce ban gane ba. Abin da za mu gama a minti biyar, me ya sa za mu jira mota mako guda, alhali kwanakinka ƙidayayyu ne?

'Yarka

Talata, 9 ga wata

Zuwa ga Malama,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Innarki ta gode, ta ce ruwan ɗumin ma sai ta sami mai ɗora mata, wai ni ina zaune a gida yanzu amma ba na jin kira.

Na karanta takardarki sau huɗu. Fassarar ta yi, Allah ya ƙara ilimi. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. A wasiƙata ban ce na kwaikwayi kowa ba. Na duba kwafin da na ajiye, babu wannan kalmar. Ke kuma sai ga ki kina tambaya wa na kwaikwaya, har da cewa kin san ni da baiwar. Wa ya gaya miki? In kun yi magana da ƙanen mijinki, gara ki faɗa mini yanzu. Kin kuma ce kalmar ta masu karanta jarida ce. To duk ofis ɗin nan mutum ɗaya ne ke wuni da jarida a buɗe kan tebur, kin san shi kuwa.

Ga abin da ba ku sani ba, ku masu aikin alli. A zauren saƙa inji sittin ne ke bugawa lokaci ɗaya. Ko ka sa baki a kunnen mutum ka yi ihu ba zai ji ba. Don haka da hannu muke magana, tun kafin in zo haka na tarar. Zare ya tsinke, akwai alamarsa. Bel ɗin da ke juya inji ya yi sako-sako, akwai alamarsa. Mutane ma kowa da alamarsa, ita ce sunansa a cikin zauren. Helma, wato shugaban ma'aikatan zauren, sai a shafa gemu. Mai ba da zare daga sito, sai a karkata kafaɗa. In ana neman mutum daga wancan bango zuwa wannan, alamarsa ake miƙawa daga inji zuwa inji har ta iso shi. Ni tawa a dafa aljihun ƙirji ne, inda nake soka sifana. Shekara da shekaru ake kirana da ita, ban taɓa kai ƙarar kowa ba.

Sabon manaja da ya zo, dole a ba shi alama, kuma ni ne dattijon zauren, ni ke raɗa wa baƙo suna. Mutumin yana ɗingisa ƙafar hagu. Ranar Laraba na hango shi tafe, yara biyu kuma sun bar injinsu suna hira da hannu, sai na ja ƙafata don su koma bakin aiki. Shi ke nan laifin. Suna na kira, ba zambo na yi ba. In kiran suna laifi ne, sai a kori zauren gaba ɗaya.

Abin da nake so in sani shi ne wanda ya kai maganar sama. Manaja yana bayan ƙofa lokacin, bai gan ni ba. Akwai mai cin dunduniyata, kuma na san masu jiran kujerata.

Ki rubuta mini amsa da Turanci mai nauyi, irin wanda zai sa su gyara zama. Ki nuna musu alama ce ta aiki.

Kawunki

Talata, 16 ga wata

Malama,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya ce ta sa kika yi shiru, ko da yake da rashin lafiya ne da mun ji.

Ranar Alhamis tun azahar nake tsaye a bakin ƙofar masaƙa kamar mai neman aiki, ni da nake shiga ba a tambaye ni kati ba. Direba ya iso, ya sauko, ya buɗe mini tafin hannunsa babu komai. Ya yi wata magana yana kallon gefe, ban tsaya sauraro ba. Jim kaɗan na gan shi a gindin matakalar ofis da ƙanen mijinki, suna dariya. Me direban yadi zai faɗa wa mai buga takardu har da dariya?

Ko dai takardarki ta zo an tsare ta a ofis, ko kuma ba ki rubuta ba. In ta farko ce, ki sa wa ta gaba zare a bakin ambulan yadda zan gane. In ta biyu ce, ki faɗa mini in nemi wani, ko da mai rubuta takardun koke na bakin kotu ne. Na san dangin miji sun fi kawun da ba uwa ɗaya ba kusa, ban ce ki ɓata aurenki saboda ni ba.

A gida ma ba a bar ni na huta ba. Innarki ta ce helma ya zo jiya ina ɗaki, ya yi ta sallama ban amsa ba har ya gaji ya tafi. Ni ban ji sallamar kowa ba. In da gaske ya zo, ya yi ta ne a hankali don a ce ya zo. Mutanen yanzu duk haka suke, ba wanda ke buɗe baki ya yi magana kamar namiji.

Saura kwana goma sha uku.

Kawunki

Alhamis, 18 ga wata

Zuwa ga Kawu,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke, ba wanda ya tsare takardata. Ban rubuta ba ne. Na fara sau uku ina yagawa.

Lokacin da ka zarge ni, ban yi magana da ƙanen mijina ba. Amma da zargin ya zo, sai na ce tunda an riga an ɗora mini laifin, bari in aikata shi. Na kira shi. Ga abin da ya ce, ka yi yadda ka ga dama da shi. Ba wanda ya kai ƙararka. Wata biyu da suka wuce an sa kyamarori a rufin zauren saboda haɗarin inji, an kuma sanar da ku a taro, kana zaune a layin gaba. Manaja da idonsa ya gan ka. Kalmar ma shi ya rubuta da hannunsa, ƙanen mijina bugawa kawai ya yi, har ya roƙi a sassauta ta aka ƙi. Ya ce kullum yana gaishe ka, kai ne ba ka amsawa.

Ya kuma ce ba jan ƙafa ɗaya ba ne. Daga inji na tara ka taso har bakin ƙofa, kana jan ƙafar, kana jefa kafaɗa, kana share gilashin da babu shi a fuskarka, mutane sun saki aiki suna riƙe ciki. Ya ce kafin ranar, alamar manaja a taɓa gefen ido ce, saboda gilashinsa. Kai ka sauya ta.

Ka tambayi wanda ya gaya mini kana kwaikwayo. Ba kowa. Ka tuna ina da in'ina? Ina 'yar shekara bakwai aka aike ni in kira ka, kuna zaune da baƙi a zaure. Na tsaya a bakin ƙofa ina ta fama, kalmar ta ƙi fita. Ka tashi ka tsaya yadda na tsaya, ka runtse ido yadda nake runtsewa, ka ce “Ka-ka-ka-kawu,” kana buga ƙafa a ƙasa. Ni ban buga ƙafa ba, kai ka ƙara wannan. Aka yi dariya har wani ya ƙware. Daga ranar sunana ke nan a gidan, har yaran da aka haifa bayana da shi suka san ni. Na daina magana in ba dole ba, na koma rubuta wa mahaifiyata abin da nake so a bayan littafi. Ku kun ce boko ne ya sa ni girman kai na daina zuwa gida. Ba boko ba ne, Kawu. Har yau in zan shiga aji sai na maimaita jimlar farko a zuciyata sau uku, kuma har yau ina jin haushinka.

Duk da haka ga takardar da ka nema, da fassararta a baya don ka san abin da za ka sa wa hannu. Na bayyana musu maganar hannu ta zauren, na faɗi shekarunka da cewa ba a taɓa tuhumarka ba. Duk gaskiya ne. Ban rubuta cewa ba ka ƙara gishiri ba, ban kuma rubuta cewa ba ka nufi a yi dariya ba. Na bar layi uku a ƙasa babu komai. In kana da abin faɗa a kan wannan, da hannunka za ka cika.

'Yarka

Talata, 23 ga wata

Malama,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Takarda ta iso, na gode da wahala.

Ashe abin da ke cikinki ke nan shekara talatin da wani abu. Wasan da aka yi da yarinya a zaure, wanda mahaifiyarki ma ta yi dariya, shi kika ajiye sai ranar da wuyana ke kan wuƙa kika ciro. Ni ban ma tuna ba sai da kika faɗa. Da ban yi miki haka ba, wa ya sani ko da ba ki dage kin zama malama ba?

Na ce kada ki yi magana da mutumin nan, kin yi. Yanzu ofis duk sun san ina neman taimako. Maganar kyamara kuma ban yarda ba, ba a taɓa faɗar haka a taron da nake ba. Ko da akwai ta, kyamara ƙafa take gani, ba ta ganin niyya.

Layukanki uku na bar su yadda suke. Ba ni da abin cikawa. Ranar Litinin zan tsaya a kan maganata, suna na kira.

Kawunki

Talata, 30 ga wata

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da maigidanki da yara. Ki gaishe shi da kyau, ki ce kawunki ne ya ce. Jiya aka yi zaman. Zan faɗa miki yadda aka yi, ba ragi.

Ɗakin taro ne na sama, mai dogon tebur. Mutum biyar a gefe ɗaya, ni kaɗai a ɗaya gefen, ƙanen mijinki a ƙarshen tebur yana rubutu. Na miƙa takardarki. Manaja ya karanta har ƙasa, ya tsaya a kan layukan da babu komai, ya dube ni. Sai ya tashi, ya zagayo kusa da ni, ya daina magana da baki. Da hannu ya yi mini magana, Malama, irin tamu ta zaure, tsaf ba kuskure. Ya nuna inji, ya nuna bel, ya nuna ƙafarsa ta hagu. Ashe shi ma a zauren saƙa ya fara, a wata masaƙar, kuma bel ne ya kama ƙafar yana saurayi. Ya taɓa gefen idonsa, ya ɗaga kai alamar wannan suna ne, ya yarda. Ya ja ƙafa sau ɗaya, ya ɗaga kafaɗa alamar wannan ma zai iya haƙura. Daga nan ya kunna allon bango mai nuna hoton kyamara.

Na ga kaina. Ban san na yi nisa haka ba. Tsoho da furfura yana tafe yana jan ƙafa, har da waiwaye don ya ga ko ana dariya. Ban ji daɗi ba, amma zuciyata ba ta karaya ba tukuna, ina nan ina shirya abin da zan ce.

Sai ya tambaye ni da hannu, kai mece ce alamarka? Na dafa aljihun ƙirji. Ya girgiza kai, ya sauya hoton zuwa wata rana. Ga ni na juya baya na durƙusa gaban inji na sha biyu. A bayana wani da na koya wa riƙon sifana da hannuna yana neman a kira ni. Bai dafa aljihu ba. Ya kai tafin hannu bayan kunne, ya saki baki, ya miƙa wuya gaba kamar kaza mai neman tsaba. Na kusa da shi ya karɓa ya miƙa wa na gaba, kowa yana ƙara nasa, har alamar ta zagayo zauren. Helma ma ya yi, yana dariya. Da ta iso wanda ke kusa da ni, ya taɓa kafaɗata, na juyo, sai ya dafa aljihunsa cikin ladabi.

Na kawar da idona daga allon. Shekara huɗu ke nan kunnena na hagu ya tafi, na dama kuma saura kaɗan. Ban gaya wa kowa ba, ko innarki, don ina tsoron a ce makanikin da ba ya jin kukan inji ba shi da amfani. Da tafin hannu nake jin inji yanzu, in dafa shi in san inda ciwonsa yake. Na ɗauka na ɓoye. Ashe zauren duk sun sani, har sun raɗa mini suna. Wannan ne dalilin waya, ba rashin amanarta ba.

Shugaban kwamiti ya yi mini wata tambaya. Na ga bakinsa yana motsi, na ce “Haka ne, ranka ya daɗe,” yadda na saba. Sai na ga kowa ya sunkuyar da kai. Ƙanen mijinki ya yago takarda ya rubuta, ya turo mini ta kan tebur. Tambayar ita ce ko ina da abin da zan ce wa manaja. Na karɓi bironsa, na jawo takardarki, na cika layukan da Hausa. Na rubuta cewa na ƙara gishiri, na yi don a yi dariya, kuma ina neman gafara. Layi biyu suka ishe ni.

Hukuncin ma ƙanen mijinki ne ya rubuto mini. Ba su kore ni ba. An ba ni gargaɗi a rubuce, an cire ni daga zauren, zan ƙarasa watannina a sito ina miƙa zare ta taga, kuma dole in je a duba kunnen. Na gode wa Allah, amma da na sauko na bi ta bakin zauren ban iya leƙawa ba. Mutanen da na yi shekaru ina ba dariya ne a ciki.

Kin ce wanda ya yi wa yaro, nasa sunan daban ne. Ba ki faɗi sunan ba, ni ma ban tambaya ba. Manaja yana da ofis da kwamiti da kyamara. Ke ba ki da komai ranar sai bakin ƙofa. Na tuna yanzu, har rigar da ke jikinki na tuna, kuma mahaifiyarki ba ta yi dariya ba, ƙarya na yi miki a waccan takardar. Janye ki ta yi ta shige ciki, ta yi wata guda ba ta gaishe ni ba. Cin zali ne na yi. Ki yafe mini in kina iyawa.

Kawunki

Alhamis, 16 ga sabon wata

Zuwa ga Kawu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, maigidana yana amsawa. Na ji daɗi da aikin bai tafi ba. Ka je asibitin, kada ka ce sai an sake aiko takarda. Ka kuma gaya wa Inna da bakinka, shekara huɗu tana zaton raini ne ya sa ba ka amsa kiranta.

Na bar mota biyu sun wuce ban ba da amsa ba, kuma wannan karon ma ba wanda ya tsare komai. Na karanta wasiƙarka a ɗakin malamai, sai da na fita bayan aji na yi kuka. Ba don kai ba, don mahaifiyata. Duk shekarun nan ina zaton ita ma ta yi dariya, don a lokacin idona a runtse yake, kuma ban taɓa iya tambayarta ba har ta rasu. Wannan kaɗai da ka faɗa ya fi mini neman gafarar.

Ban ce na yafe ba tukuna. Ba na son in faɗi abin da bai kai zuciyata ba, kai ma ka ga amfanin barin layi babu komai. Amma in an yi hutu zan zo in duba gwiwar Inna, in kawo yara su ga gidan. In na tsaya a bakin ƙofa kalma ta ƙi fita, ka jira ni kawai.

Kafin nan ka ci gaba da ba direba takarda duk Talata, ba sai ka sa gam sau biyu ba. Ka faɗa mini yadda sito yake. A takarda ni ba na in'ina, kai ma ba abin da ke wuce ka.

'Yarka